Gidan Mama da Na Ɗauka a Bayan Kubwa

Na yi shekara goma sha wani abu ina shirya fim ina kuma raba shi da kaina. Ba wani kamfani gare ni na a zo a gani ba. Shago ɗaya ne a Mararaba, sai tsohuwar mota da nake loda wa kwalayen faifai in zagaya wurin 'yan kasuwa. Da waya ta shiga hannun kowa, masu tura fim suka gaje mu da ranmu. Fim ɗin da na sha wahalar wata shida a kansa, kafin in kai shi Kubwa ya riga ni isa cikin wayoyin kwandastoci. Na ci gaba dai, don ban iya komai ba sai shi, ga kuma taurin kai da Allah ya zuba mini.

Fim ɗina na ƙarshe a gidan wata dattijuwa 'yar Filato muka ɗauke shi, a wata tsohuwar unguwa bayan Kubwa. Mama muke ce mata. Mijinta mai gadi ne a wata ma'aikata, shi ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki kafin ya rasu. Ta bar mana ko'ina na mako uku, ta takure a ɗaki ɗaya, har tana dafa mana faten acca.

Mun ci kashi biyu cikin uku na aikin sai jarumar ta kwanta rashin lafiya, muka dakata. Da muka koma bayan wata huɗu, babu gidan, babu unguwar. An yi rusau. Na tsaya kan tarin bulo na rasa ma ta ina ƙofar take. Fim kuwa ya mutu nan take, don ba yadda za a yi mace ta shiga ɗaki a gida ɗaya ta fito a wani. Gaskiya ranar kaina na yi wa kuka, ko tambayar inda Mama ta koma ban yi ba. Na bar harkar, na koma ɗaukar biki da suna.

Bayan shekara guda da wani abu, da hantsi, sai ga ta a ƙofar shago. Daga Sheda ta taso, inda take zaune wurin 'yarta, mota uku ta hau. Ta rame ƙwarai.

Ta ce, "Oga, an ce gida na yana ciki injin naka. Ni ko hoto ɗaya ba ni da shi. Ina so in gani kafin ido ya ƙare."

Wallahi daɗi na ji. Rabon da wani ya ratsa gari don ya kalli aikina har na manta. Na kawar da kwalaye, na share mata kujera, na kunna kwamfuta ina cika baki cewa yau za ta koma gida.

Hoton farko na fitowa gabana ya faɗi. Labarin fim ɗin na wani attajiri ne, saboda haka sai da muka mai da gidan Mama gidan attajiri. Bangonta shuɗi ne, muka shafe shi da farin fenti. Muka sauke hoton mijinta da gicciye da kalandar coci, muka rataya labule daga sama har ƙasa. Kujeru na haya ne, dardumar ma ta haya ce. A tsakar gida kuwa, ni da bakina na riƙa yi wa mai kyamara tsawa cewa kar ya kuskura ya nuna kwanon rufin nan mai tsatsa, ya matso kan fuskoki. Mangwaron da mijinta ya shuka ma cire shi muka yi daga hoto, don igiyar shanya na ɗaure a jikinsa. A lokacin ina ganin gwaninta na yi.

Mama ta zauna kusan awa biyu. Ba ta saurari ko kalma ɗaya daga abin da 'yan wasa ke faɗi ba. Bayan kafaɗunsu take leƙawa, tana karkata kai kamar mai neman wani a cikin taro.

Can ta ce, "Oga, wannan yarinya ya tare taga. Ba wani wuri da ya matsa?"

Na ce akwai, Mama, bari in duba. Na san kafin a fara wasa kyamara kan zagaya wuri haka kawai, takan kama ƙofa, takan kama rufi, takan kama mai gida tana wucewa da tukunya. Irin waɗannan guntaye mun tara su da yawa. Na shiga nema, duk da na san abin da zan tarar. Ni na goge su da kaina watannin baya, don in sami wurin zuba bikin wani ɗan kwangila. Na yi ta buɗe wurare marasa komai ina ja mata lokaci, na kasa faɗa mata.

Ita ta rage mini wahala. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara ɗankwali.

Ta ce, "Gida ya yi kyau, ɗana. Kun iya aiki. Amma ba namu ba ne."

Na raka ta bakin titi. Ina so in ce ta yafe mini, amma kunya da baƙin ciki sun cika ni. Mutum ɗaya tak a duniya ta taɓa buƙatar fim ɗina da gaske, kuma na ɗauki gidanta mako uku ban ɗauki gidanta ba. Da motar da ta hau ta cika, ta leƙo ta taga ta yi mini godiya har sau biyu, ta ce in na ci karo da ko mangwaron ne, in aika mata.

Na ce to, Mama.