Ranar da Mariya Ta Sake Takalmin Birki

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Farin Gada da safe ya san Mariya mai kabeji. Shekara tara ke nan tana zuwa Vom sau uku a mako, ta ciko bayan tsohuwar motarta koriya da kabeji da karas da koren wake, ta sauke wa 'yan sari. Mace ce mai ƙirga komai. Ta san ramuka nawa ne a layinsu na Rikkos, ta san taku nawa ne daga ƙofar gidanta zuwa kaskon ƙosan maƙwabciyarta Roseline a ƙasan gangare: taku talatin da ɗaya.

Abin da ta fi ƙirgawa a shekarar bara kuwa shi ne maganar mijinta. Ishaku bakanike ne, shekara ashirin da shida yana ƙarƙashin motocin mutane, kafin ciwon suga ya tafi da idanunsa. Tun da aka rufe garejin ya koma kan farar kujerar roba a tsakar gida, ya yi shiru. Wata goma sha huɗu. Mariya ta ƙirga, wata rana kalma ashirin yake furtawa, wata rana tara, rabinsu kuma "to" ne da "na ƙoshi". Likita ya ce jikin da sauƙi. Ita dai ta san mutumin da ta aura yana zamewa daga hannunta, kuma ba ta da niyyar zura ido.

Sai birkin mota ya fara kuka. Duk takawa sai ka ji ƙarfe na gugar ƙarfe. Ranar Juma'a ta biya ta sayi takalman birki na gaba, guda huɗu a kwali, ta wuce gareji uku ba ta tsaya ba. Asabar da hantsi ta jawo akwatin kayan aikin Ishaku daga ƙarƙashin gado, ta dire shi a gaban kujerarsa da ƙarfi don ya ji.

"Mene ne wannan?"

"Kayanka ne, Baban Salma. Birki zan sake."

"Kai wa Nonso. Ni na koya masa."

"Nonso ya ce sai Talata. Litinin ina da Vom." Ba ta ma je wurin Nonso ba, amma ta ce Allah ya yafe mata wannan. "In ba za ka gaya mini ba, zan kwance da kaina, duk abin da ya rage in zuba a leda."

Ya miƙa hannu ya shafa murfin akwatin. Sannan ya ce, "Kin sa dutse a bayan taya?"

Ta sa biyu. Ya ce ta sassauta notin taya tun kafin ta ɗaga jak. Noti huɗu, ta jera su a cikin murfin kwano. Taya ta fito, ga farantin birki, ga gidan da ke riƙe da takalman. Ya ce ta miƙo masa sifanu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ya zaro guda.

"Lamba goma sha uku. Ƙusa biyu ne a baya. Kada ki bar gidan ya rataya a jikin tiyo, ɗora shi a kan bokiti."

Roseline ta leƙo ta ƙofa da matsami a hannu. "Maman Salma! Kai ne yau oga? Oga Ishaku, ka samu sabon yaro ke nan?"

"Yaron nan bai jin magana, Maman Faith," in ji Ishaku. "An ce hagu, yana murɗawa dama."

Mariya ta yi kamar ba ta ji ba, amma ta ƙirga. Ya riga ya wuce kalma arba'in.

Da ta zaro tsohon takalmin, ta sa masa a tafin hannu. Ya shafa, ya ji ya ƙare tas, saura ƙarfe.

"Da wannan kike saukowa daga Vom da lodi? Mariya, ke ba ki da tsoro ne?"

"Wa zan tambaya? Mai garejin gidanmu ya tafi hutu."

Sai ya sauko daga kujera. Karo na farko a wata goma sha huɗu ya durƙusa a gefen mota. Da hannunsa ya laluba ya danna fistin ya koma ciki don sabon takalmi ya sami wuri, ita kuma ta shafa ɗan giris a bayansa, ta zura, ta ɗaure. Ɓangaren farko ya ci minti hamsin, na biyu goma sha takwas. Ta mayar da tayoyi, ta sauke jak, ta duba murfin kwano babu noti ko ɗaya da ya rage. Ta cire duwatsu, ta buɗe ƙofar gida, ta shige mota tana jin kanta.

Ishaku yana tsaye yana goge hannu, yana bin ta da kunne. Ƙofar mota ta rufe. Makulli. Inji ya tashi. Hambirki ya sauka. Akwai ƙarar da bai ji ba. Fedar birkin motar nan tana ɗan ƙiiƙ duk lokacin da aka taka ta, kuma ba ta yi ko sau ɗaya ba.

"Mariya! Tsaya!"

Motar ta riga ta fita ƙofa ta kama gangare. Mariya ta taka birki, ƙafarta ta tafi har ƙasa kamar ta taka iska. A gabanta ga Roseline ta juya baya, ga kaskon mai yana tafasa.

"Taka ki saki! Taka ki saki! Ja hambirki!"

Muryar da ya saba kiran yaran gareji da ita ce, duk layin ya ji. Ta taka, babu komai. Ta biyu, babu. Ta uku ta ji ɗan tauri. A ta huɗu birki ya kama, ta finciko hambirki, motar ta tsaya cak. Daga baya ta auna: taku uku ne tsakaninta da kaskon.

"Yesu!" in ji Roseline, hannu a ƙirji. "Maman Salma, in ƙosai kake so, ai zan kawo har gida!"

Ishaku ya iso yana bin bango. Ya lalubo tagar mota, ya lalubo kafaɗarta.

"Laifina ne. In an danna fistin ciki, dole a taka birki sau goma kafin a motsa. Shekara ashirin da shida ban taɓa faɗa wa kowa da baki ba, yara a ƙafata suke gani. Na manta yanzu komai sai na faɗa."

"To ka riƙa faɗa," ta ce. "Ni ina nan."

Ta taka sau goma a gabansa, yana ƙirga ƙiiƙ ɗin da ƙarfi. Da suka koma ciki bai zauna ba. Ya ce ya ji inji na ɗan tsallake, gobe a duba fulogi. Ya ce wa ya hargitsa masa akwati haka. Ya ce a kira Nonso a gaya masa an yi masa ƙarya da suna, domin shi ya san ba ta je ba.

Yanzu akwatin yana zaune kusa da kujerar. Masu mota a Rikkos sukan tsaya su tayar da inji Oga Ishaku ya saurara, ya gaya musu abin da za su ce wa bakanike. Mariya kuwa duk asubar Vom sai ta taka birki sau goma, ko da ba a taɓa shi ba, ta ce alhamdu lillahi. In aka tambaye ta kalma nawa ya yi a ranar Asabar ɗin nan, sai ta ce ta kai ɗari biyu da wani abu, daga nan ƙirgen ya ɓace mata, kuma ba ta sake ɗauko shi ba.