Ƙasa Mai Yunwa

A Faru, muna yara, in an sauke tuwo ba a barin garwashi ya mutu a banza. Kakata, Inna Hassi, takan tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye murhu, ita kuma ta miƙe ƙafa ta fara. Ni take kira maigida, wai ta yi rashin sa'ar miji, rago mai barci tun labari bai kai rabi ba.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba na yi wa barci. Wai bushiya ce ta so yi wa uwarta ɗaki kafin damina. Ta samu tsohon rami ta cika shi da ƙaiƙayi da toka, ta shafe samansa da jar ƙasa, ta ɗora gini. Sai ga gara, wadda kowa ya san gwanar gini ce. Ta haƙa ɗan rami a gefe, ta mayar da ƙasar ta danna, ramin ya ƙi cika. A nan Inna kan rage murya.

"Ƙasad da kat tono, in ka maida ta ba ta cika raminta ba, yunwa taka ji. Duk abin da ka aza mata sai ta canye shi."

Gara ta gane, amma bushiya ta girme ta, sai ta yi mata sannu da aiki ta wuce. Ruwan farko ya haɗiye ɗakin. Mu dai bushiya muke yi wa dariya, muna cewa gaggawa ta kai ta.

Da na girma, aikin garar nan ya zama sana'ata. Inda aka yi ciko za a ɗora gini, nakan haƙa ɗan rami, in auna ƙasar da na fitar a sikeli, in cika ramin da yashin da na san nauyinsa. Daga nan lissafi ke nuna ko cikon ya dannu.

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, Baffa Sani, wan mahaifina, ya kwaso Inna zuwa Talata Mafara. Filin da ya samu don ya gina mata ɗaki tsohon kududdufi ne da aka cike da shara da ƙasa. Ba wanda ya sa ni, na ɗauko kayana na haƙa rami uku, kuma duka ukun ba su kai ko kusa da abin da ake so ba.

Na durƙusa gaban Baffa, muka daɗe muna gaisawa, sannan na ce akwai ɗan gyara, da za a kwashe cikon a sake zuba shi kaɗan-kaɗan ana daɓewa. Ɗan gyara na ce, alhali na san ba ɗan gyara ba ne. Ya ce maƙwabta sun gina ba abin da ya same su, shi kuma yana gini tun ban bar nono ba, ga hadari ya fara haɗuwa, ina tsohuwa za ta kwana? Na sunkuyar da kai na ce Allah ya sa alheri.

Damina ta biyu, ana ruwa da la'asar, kusurwar ɗakin ta nutse, bango ya biyo ta. Inna na ciki.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Baffa ya ja ni gefe ya kama hannuna.

"Kai da ka da ilimin abin, mi ya hana ka matsa mini?"

Na san abin da ya hana ni. Kunya ce, wadda aka raine mu a kanta, ake yaba mini da ita tun ina ƙarami. Yanzu in ciko bai dannu ba, ko gaban sa'an kakana ne nakan faɗa gatsal, har ana cewa ba ni da ladabi. Gidajen mutane da yawa na tsaye saboda rashin ladabin nan. Ɗaki ɗaya ne na yi wa ladabi, kuma kullum zuciyata tana cikinsa.