Mijin Bwenaua Ba Shi da Kabari

Bwenaua masaƙiyar tabarma ce a wani ƙauye na tsibirin Abaiang, a ƙasar Kiribati. Tun tana budurwa aka san ta da iya saƙa da ƙarancin magana. Mijinta Rabaere, masunci, shi ne mai surutun gidan. Wata safiya ya tura kwalekwalensa ya bi garken kifi, iska ta juya, shi ke nan. Aka yi ta nema har aka gaji, ko filafilinsa ba a tsinta ba.

Da tabarma da busar da kwakwa ta raini 'ya'yanta biyu. Macen ta yi aure a Tarawa, namijin ya bi jiragen dakon kaya. Sun yi roƙon duniya ta koma wurinsu, ta ƙi. Haka kuma ba ta taɓa yarda a sa sunan Rabaere cikin addu'ar matattu ba. In an taɓo zancen sai ta ce, "Kun ga gawarsa ne?" Coci kam tana zuwa, amma can baya take zama, bakinta a rufe. Ita da Allah gaisuwa ce kawai ta rage.

A shekarar da gashinta ya gama fari, azumin tuba ya zo tare da tumbatsar teku. Ruwan gishiri ya kashe gwaza a ramukan da ake shuka ta, sannan ya fara cin maƙabarta. Katikis Tekaai, mai jagorantar sujada in babu Fada, limamin coci, ya tara 'yan mutanen da suka rage, aka yanke shawarar kwashe mamata zuwa tudun bayan coci kafin bikin Ista.

Kowane gida ya tone nasa. Bwenaua ba ta da wanda za ta tona, iyayenta a wani tsibiri suke kwance. Ta yi zamanta a rumfa tana jin ƙarar shebur daga nesa, har Kaitiro, ƙanwar Rabaere, ta leƙo.

"Matarmu, zaman me kike yi kamar amarya? Ƙasusuwan Inna sun fi ƙarfina, ga bayana ya ƙi."

"Bakinki dai bai ƙi ba," in ji Bwenaua. Amma ta tashi, ta ɗauko sabuwar tabarmar da ta gama.

Suka wanke ƙasusuwan surukarta, suka shafe su da man kwakwa, suka naɗe. Da suka gama, maƙwabta suka roƙe ta, ta taya su. Haka ta riƙa wuni makon nan duka tana gyara matattun wasu, da yamma ta koma gida ta dafa ɗan kifinta ta ci ita kaɗai, ko ta bar shi.

Ranar Jumma'ar da ake tuna mutuwar Almasihu, bayan an watse, ta tsaya har Tekaai ya gama lulluɓe bagadi.

"Malam, tambaya gare ni. Waɗannan da muka kwashe, an san inda suke. Ran tashin matattu, shi fa wanda ruwa ya ci, ina za a nemo shi?"

Tekaai sa'an ɗanta ne, kuma yana jin nauyinta.

"Inna, ni ban san yadda za a yi ba. Abin da na riƙe shi ne, wanda ya fito daga kabarin da aka toshe da dutse, ruwa ba zai gagare shi ba. Mu ne muka rasa inda Baba Rabaere yake. Shi bai rasa ba."

"Na daɗe ina fushi da Shi," ta ce.

"Ai ya sani."

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye ya biyo baya.

Ran Lahadi iska ta hana jirgin ruwan Fada zuwa. Mutanen ba su cika rabin cocin ba, galibi tsofaffi. Aka buga ƙararrawa, aka yi shelar cewa Almasihu ya tashi, sannan Tekaai ya kira sunayen waɗanda aka sake binnewa. Yana shirin rufewa, sai murya ta fito daga baya.

"Da Rabaere."

Babu wanda ya waiwaya. Kaitiro ce kawai ta rufe fuska da gefen zanenta. Tekaai ya maimaita sunan, jama'a suka ce amin.

Da la'asar, ana can ana cin alade da shinkafa a zauren taro, Bwenaua ta hau tudun ita kaɗai. Ta zaɓi wuri kusa da surukarta, ta jera fararen duwatsun bakin teku, ta kewaye fili mai faɗin mutum biyu, ita da Rabaere. Ta zauna nan har rana ta yi sanyi.

Ta ƙara shekaru a ƙauyen, gidan kuma bai daina shiru ba. Amma daga lokacin ta koma zama a gaba cikin coci, kuma in ana hira aka ambaci Rabaere, ita ke fara ba da labarin ƙaryar da yake shararawa a kan girman kifi.