Shukar Bizne

Shekarar da ruwa ya ƙi mu karo na biyu a jere, maigidana ya yi masassara. Masassarar ta tafi, ta bar masa gajiya. Mutumin da yake wuni a gona yana waƙa, sai ga shi in ya je masallaci ya dawo, jikinsa kamar an daka shi a turmi. Barci ba ya warkar da shi.

Na raka shi asibitin garin Isa. Aka ɗebi jini, aka saurari ƙirji, ba a ga komai ba. Likitan dai ya yi mana adalci. Ya ce, "Malam, ban ce ba ka da ciwo ba, na ce ban gan shi ba. Ka riƙa tsayawa kafin ka gaji, ba bayan ka gaji ba."

A ƙauyenmu na ƙasar Sabon Birni kuwa, ciwon da likita bai gani ba sunansa ragwanci. Na ji ana faɗa a bakin rijiya, na mayar da magana har guga ya kusa kuɓuce mini. Bakin mutane, Allah ya raba mu da shi.

Amma ba bakinsu ne ya fi damuna ba. Irin gero ƙwarya ɗaya ya rage mana, wanda na hana tukunya duk da yara suna kuka. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima. Ranar da ruwan farko ya sauka, kowa gudu yake da sungumi, wanda ya makara ya rasa shekara. Malam kuwa ba shi da gudu.

Wata safiya ya ce, "Za ni yi bizne."

Wato ya binne iri a busasshiyar ƙasa, ya jira sama. In yayyafi ya yaudari irin, ya tsiro ya ƙone, mun tashi ba tsuntsu ba tarko. Na ce, "Malam, shi ke nan gare mu fa." Ya ce, "Na sani. Ƙarfin yini guda ne ba ni da shi. Na kaɗan-kaɗan ina da."

Haka muka fara. Da sanyin safe ya yi sara kaɗan, ni ina bi ina zuba iri ina take da diddige. Sai ya aje sungumi tun numfashinsa bai sauya ba, ya kwanta a gindin gawo. Wallahi tsayawar nan ta fi saran wuya a gare shi, ina ganin yadda yake kallon sauran gonar. Ran da ya yi gardama ya ƙara, sai jikin ya rama, mu yi kwanaki ba mu fita ba. Masu wucewa suna cewa ga mai ciyar da gara.

Ruwan ya zo bayan wata la'asar, mai ƙarfi, har kwazazzabai suka cika. Washegari gari ya watse zuwa gonaki. Malam ko zama bai iya ba ranar. Yana jin takun mutane a bayan danga, ya juya fuska ga bango. Na ce, "To kukan mi? Kai ka riga ka gama."

Da gero ya huda ƙasa, na tafi ni kaɗai. Gonakin mutane layi ɗaya ne miƙe, tamu kuwa guntu-guntu. Ga dogon layi na ranar da ya ji dama, ga ɗan gajere na ranar da ƙafa ta ƙi, ga inda ya karkace don jiri. Duk ciwon da aka kasa gani a jini, ga shi kore a ƙasa, kuma babu inda ya bar fili.

Damina ba ta yi kirki ba, amma mun mayar da iri, mun ci tuwo. Malam bai warke ba har ya koma ga Allah. Amma ranar da na ga tsiron nan, na dawo gida na kama hannunsa, muka tafi a hankali, muna hutawa a hanya. Ya daɗe tsaye a bakin gona. Sannan ya ce, "Ashe na yi aiki."