Doyar Direban Kudu

Aikina a filin ƙwallo na Minna shi ne zana layi. Ranar wasa nakan zo da bokitin farar ƙasa in fito da fili fes, 'yan wasa su tattake, wani mako in sake. Ba wanda ya taɓa tafa wa layi, ni ma ban sa rai ba.

A lokacin ƙaramar gasar ƙwararru a dunƙule take, har daga bakin teku ƙungiyoyi ke zuwa mana. Ta haka na san direban bas ɗin wata ƙungiyar kudu, dattijo sa'ana, wanda ya tsinci Hausarsa a gareji. 'Yan wasa su tafi otal, shi a bar shi ya kwana a mota. Da na gan shi yana cin busasshen burodi a gindin taya, sai na ce baƙonka annabinka, na ja shi ɗakina a Bosso. Dama tun rasuwar mai ɗakina, yara kuma sun watse neman abinci, ba mai tanka mini a gidan.

Daga nan abin ya zama al'ada. Shi ya zo da galan na manja, ni in je kasuwar Gwada in zaɓo doyar da ta fi kowace. Mu dafa, mu bi ta da manja da yaji. In na tashi salla ya rufe kwano ya jira ni.

"Mai layi, layinka ya karkace, shi ya sa aka ci mu," in ji shi.

"Oga direba, ku da ko an cire gola ba za ku zura ba."

Iyakar hirarmu ke nan, sauran duk ci ne da zama. Amma da zaman nan nake cin shekara.

Da aka raba gasar shiyya-shiyya, mu a arewa, su a kudu, har da ni a masu murna. Gaskiya ce, yaranmu sun sha wuya, su isa wasa ƙafa a kumbure saboda doguwar hanya. Sai da lokacin zuwan ƙungiyar direban ya yi, na sayo doya na kawo gida, sannan na tuna ba mai zuwa.

Na kira shi a waya. Muka gaisa, muka tambayi iyali, sai shiru. Ashe abotarmu ba ta magana ba ce.

Can ya ce, "Ka ajiye doya na. In ku ya yi na ɗaya, mu ya yi na ɗaya, za mu haɗu wasan ƙarshe."

Muka yi dariya, don mun san ƙungiyoyinmu biyu kullum a wutsiya suke. Duk da haka na koma kasa kunne a rediyo ina jiran sakamakon kudu, har masu shayi suka fara tambaya ko na canza sheƙa. Ba mu yi na ɗaya ba, su ma haka.

Yanzu baƙinmu na kusa ne, su zo da hantsi, a hura tashi su hau mota. Na taɓa tayin masauki ga wani direbansu. Ya ce, "Baba, na gode, ai gida kusa ne, yau a ɗakina zan kwana." Gaskiyarsa ce, amma na ji haushinsa har na kasa amsa sallamarsa da kyau.

Doyar ta daɗe a ƙarƙashin gado har ta yi tsiro. Na yanke kan na binne a bayan ɗaki, na dafa sauran. Galan ɗinsa kuwa saura ɗan ja-ja a gindi. Na kife shi a kan kwano na zauna ina jira. Abin da ya tsiyayo ya ishe ni, tunda ni kaɗai ne.