Injiniya Sabo da Kwalbatin Indabo

Ku da kuka san Babanmu, Injiniya Sabo, kun san bai taɓa haye gada a cikin mota ba. Ko ɗan kwalbatin da akuya za ta tsallake ne, sai ya ce wa direba, "Taka birki!" Ya sauka, ya leƙa ƙarƙashi, ya hau ya buga ƙafar dama sau uku, sannan ya ɗaga hannu: "Wuce." Direbobin Wudil har ɓuya suke yi in sun hango hularsa a tasha. Wani cikinsu, Ɗanliti, ya taɓa ce masa, "Ranka ya daɗe, yanzun nan fa tirela ta bi ta kai." Baba ya ce, "Ai shi ya sa. Ta gaji."

Tsohon soja ne, cikin masu kafa gada. Bayan yaƙin basasa ya dawo ya kama aikin hanya, daidai lokacin da kuɗin mai suka shigo, kowa yana sayen sabo. Inna ta ce ita ma gadon ƙarfe take so, mai rumfa. Ita kam ba ta roƙonsa abu sau biyu. Amma a kanti, a gaban jama'a, sai ga Baba, magidanci guda, ya tuɓe takalmi ya hau gadon yana tsalle! Mai kanti ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Abin da nake tambayar gadon ke nan." Labarin ya riga gadon isowa gida. Sati biyu Inna ba ta leƙa gidan suna ba.

Da Malam Habu, malamin firamare a Indabo, ya zo neman aurena, binciken asali Baba ya bar wa baffannina. Shi ɗakin da zan zauna ya je gani. Ya hau kan soron ya bubbuga ƙafa, ya sauko ya ce, "Gara ta ci azara biyu. A canja, sannan a sa rana."

Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke wannan". Kuma kai amarya aikin mata ne. Amma ya kafe sai a kai ni da ido na ganin ido. Muna isa wani sabon kwalbati a hanyar Indabo, sai ga shi tsaye da baburinsa.

Ƙanwarsa, Gwaggo Ladi, ta leƙo ta tagar mota. "Yaya, don girman Allah! Ina aka taɓa ganin uba a hanyar kai amarya?"

"Yau an gani. A sauko."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Manoma sun bar fartanya suna kallo, ni kuwa ina lulluɓe, ko gabana ba na gani. Na ji bugun ƙafar nan sau uku. Sai na ji hannu mai kaushi ya kama nawa.

"Taka a hankali, Binta."

Da ƙafa ya tsallakar da ni. Haushi ya hana ni jin cewa sunana ya kira. Wata guda ina fushi. Kwalbatin kuwa yana nan har gobe, ko tsagewa bai yi ba!

Sai da na zo wankan jego Inna ta gaya mini dalili. A wajen yaƙi, wata rana ana ruwa, Baba ya gaji, ya dubi wata gada daga cikin mota ya ce lafiyarta lau. Tasu motar ta wuce. Ta bayansu, wadda amininsa Audu yake ciki, ba ta haye ba. Kwano ɗaya suke ci da Audu. Na tuna fushin da na yi, kunya ta kama ni, na yi kuka.

Ranar da Baba ya rasu, ƙanena ya ce da aka iso ɗan kwalbatin gaban maƙabarta, masu ɗauke da makara suka tsaya da kansu, ba wanda ya ce su tsaya. Ɗanliti, ya tsufa har yana dogara sanda, ya fito ya leƙa ƙarƙashi, ya buga ƙafa sau uku. Ya ce, "Wuce, Injiniya." Mutane suka yi dariya suna share hawaye.

Saura gada ɗaya a gabansa, Siraɗi, wadda ba a sauka a duba. Ya Allah, ka jiƙan Baba, ka haɗa shi da Audu a Aljanna. Ka tsallakar da shi lafiya, yadda ya tsallakar da ni.