Jarrabawar Katako a Garin Katagum

Ana idar da sallar asuba muka bar Azare, mu uku a tsohuwar motar ɗaya daga cikinmu. Ni sana'ata sayar da katako, a ciki na girma. Abokan tafiyata kuwa ɗaya kafinta ne, ɗayan malami ne a wata cibiyar koyon sana'a. Cibiyar ce ta roƙe mu mu je garin Katagum mu jarraba mutanen da aka koya wa tantance farin katako, wato mara nauyin nan da ake rufin kwano da silin da shi. Wanda ya ci, masu rumfunan katako za su ɗauke shi aiki.

Hanyar ba laifi, sai dai inda ta lalace, ta lalace da gaske. Bazara ce, manoma sun share gonaki sun tara taki, kowa idonsa na gabas. A wani ƙauye muka tsaya muka karya da waina da miyar taushe. Kafintan ya ce wainar bana ta rame, mai suyar ta ce ai tare suka rame da shinkafar, in ya ga mai ƙiba a wani wuri ya zo ya ba ta labari.

Da hantsi muka isa. An jibge katako a inuwar wata rumfa, tubai-tu da tubai-fo, wato masu kaurin inci biyu-biyu da masu inci biyu da huɗu, da falanki, duk a cakuɗe. Aikin kowa shi ne ya raba su kashi uku: lamba ɗaya mai ɗaukar rufi, lamba biyu na ƙananan ayyuka, sai wanda ba ya moruwa. Ana duba ɗanye ne ko busasshe, ya miƙe ko ya kandare, akwai tsaga ko hudar ƙwaro, sannan a duba kulli, wato gurbin da reshe ya fito, domin ta nan katako ya fi karyewa.

Yawancin masu jarrabawar matasa ne, wasu suka yi ƙoƙari, wasu kuma da gani ka san zuwa kawai suka riƙa yi. Amma wanda ya tsaya mini a rai wani dattijon Bafulatani ne da kowa ke kira Baffa. An ce shanunsa sun ƙare a hankali, wasu ciwo, wasu ya sayar ya ciyar da gida. Bai yarda ya zauna ba, ya shigo koyon sana'a cikin sa'annin 'ya'yansa.

Baffa yana da hannu. Yana ɗaga katako zai gaya maka ɗanye ne, yana ɗora shi a kafaɗa ya san ya kandare. Sai dai da na bi kashinsa na lamba ɗaya, na tarar da masu siririyar tsaga da masu hudar ƙwaro a ciki. Na ɗauko ɗaya na ce, "Baffa, me ka gani a jikin wannan?" Ya nisanta shi da fuskarsa, ya shafa, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Alhaji."

Malamin ne ya gane matsalar ido ce. Ya cire tabaransa na karatu ya miƙa masa. Baffa ya saka, ya duƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya bi tsagar da farce tun daga kai har tsakiya. Na zaci zai roƙe mu mu yi masa sassauci, har na fara shirya abin da zan ce. Sai ya ce, "Alhaji, akwai matsala. Kwanan baya ni na zaɓa wa wata maƙwabciyata katakon rufin ɗakinta. Mijinta ya rasu, ita da 'ya'yanta ke kwana a ciki. Ta yarda da ni ne saboda ina zuwa nan."

Ba mu yi niyyar wuce Katagum ba, amma da na ce mu je mu duba rufin, babu wanda ya yi gardama. Bayan azahar muka ɗauke shi muka nufi ƙauyensu, hanyar yashi zalla, sau da yawa sai mun sauka mun tura. Matar ta tarbe mu da fura da nono mai sanyi, ba ta san abin da ya kawo mu ba. Kafintan ya hau tsani ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya. Galibi lafiya lau suke, amma biyu daga cikin masu riƙe kwanon sun tsage daidai wurin ƙusa. Ya ce iskar farkon damina za ta iya yaye gefen nan gaba ɗaya.

Baffa da kansa ya yi mata bayani da Fulatanci. Ban ji duka ba, na dai ga ba ta ɗaga murya ba, ta yi ta gyaɗa kai. Aka samo wasu katakon a wajen wani mai gini a ƙauyen, Baffa ya sake aron tabaran ya zaɓa, na duba na ce sun yi. Kafin la'asar sakaliya an canza su.

Ba mu ba shi sakamakon cin jarrabawa ba. Mun yi magana a kai a mota, zuciyata na so, amma katako ba ya duba halin wanda ya zaɓe shi. Na gaya masa gaskiya, na ce ya zo Azare a duba idonsa, ya sauka a gidana, in an sake zaman jarrabawa ya dawo. Ya ce, "Haka ya kamata. Da kun ba ni, ni ma ba zan karɓa ba."

Muka shigo Azare ana kiran isha'i, ga gajiya, ga yashi har cikin aljihu. Na tafi da tunanin jarrabawa ta hannu da ido ce kawai. Na dawo na san akwai abin da ba mu da hanyar aunawa: mutum ya ga kuskurensa, abin da zai fara tunawa ba aikin da ya kuɓuce masa ba ne, su wa ke kwana a ƙarƙashin rufin. Jiya Baffa ya kira ni, ya ce ranar kasuwa yana tafe. Na sa an share masa ɗakin baƙi.